Usur a Duwatsun Palime

Tun da muka dawo daga Togo ban sha shayi cikin kwanciyar hankali a Isa ba. Da na zauna a benci sai wani ya matso: "Malam Sa'adu, wai da gaske gudu kunka tahi yi bisa duwatsu? Wa yab biyo ku?" Wasu abin dariya suke nema, wasu kuma so suke su ji yadda Lawali ya tafi da ƙafa biyu ya dawo yana dogara sanda. Na gaji da ba da labarin guntu-guntu, kowa ya ɗauki gefen da ya ga dama ya ƙara masa gishiri. To ga shi nan gaba ɗaya. Duk wanda ya sake tambayata za ni miƙa masa wannan, in ci gaba da shan shayina.

Ni malamin labarin ƙasa ne a wata sakandare. Lawali ɗan gwaggona ne, taubashina, manomi, mutumin Gatawa, amma tun da aka kashe wansa Sani a hanyar gona suka tattara suka koma Sabon Birni, shi da iyalinsa da Gwaggo Hajo. Wani abokina Hassan da ke kasuwanci a Lome shi ya jawo mana wannan tafiya. Ya turo mini hoton wata gasa da ake yi a duwatsun ƙasar: mutum biyu-biyu ake shiga, a ba ku taswira da kamfas, ku bi daji kuna neman tutocin da aka kakkafa a kan tsaunuka. Ku goya tantinku da abincinku, ku kwana can, washegari ku ci gaba. Ba a rabuwa, kuma ba a duba waya. Na nuna wa Lawali don in tsokane shi, na ce ga wasan maza, ba na masu kwana a gindin rumbu ba. Ya ce shi da ya yi gudun rai daga Gatawa har Sabon Birni da tsohuwa a bayansa, wane malamin alli ne zai gwada masa tafiya? Wasa-wasa har muka yanki takardun ƙetare iyaka.

Ranar da na je ɗaukarsa, an gama girbin gero, Gwaggo tana zaune a ƙofar ɗaki tana tsince wake. Ba ta hana ba, ba ta kuma yi mana dariya ba. Sai da muka saɓa jakunkuna ta kira ni ni kaɗai.

"Sa'adu, ɗiya biyu maza Allah ya ba ni, ka san inda guda ya kwana. Wanga da yar rage, kai ka ɗauke shi. Kai za ka maido mani shi."

Na ce, "Haba Gwaggo, wasa ne fa za mu yi."

Ta ce, "Na ji. Ka dai maido mani shi."

Hanyar Sabon Birni zuwa Sakkwato kun san ta, ba sai na faɗa muku ba. Direba bai kunna rediyo ba, babu mai hira, kowa idonsa a bakin daji. Wani wuri muka hango ƙurar babura daga nesa, direba ya rage tafiya, wata mata a baya ta fara salati ƙasa-ƙasa. Ashe 'yan kasuwar ƙauye ne da buhunan albasa. Sai da muka wuce Goronyo aka fara jin tarin mutane da motsin leda.

Daga Sakkwato doguwar mota muka shiga zuwa Ikko, ƙafafuna suka kumbura kamar an hura su. A tashar Ikko wata Bayarabiya mai sayar da abinci ta ƙyalla ido ta ga zanen Gobirawa a fuskar Lawali, sai ta buga tsalle: "Bagobiri! Bawana ya zo!" Lawali ya ce ta yi maza ta kawo wa ubangidanta abinci kafin ransa ya ɓaci. Suka yi ta zage-zagen wasa, mutane suna kallo suna jiran faɗa, ƙarshe ta tula masa nama har ya kasa cinyewa. A bakin iyaka kuma garin furar da Gwaggo ta ƙulla masa ya tsayar da mu. Wani ma'aikacin iyaka ya kwance ƙullin, ya ga farin gari, ya ɗago ido ya dube mu. Lawali ya yi ta jefa masa Faransancin kasuwar Maraɗi, bai gamsu ba. Sai ya nemi kofi da ruwa, ya dama, ya kurɓa, ya miƙa masa. Mutumin ya ɗanɗana, citta da barkono suka shaƙe shi, ya yi ta tari yana dariya yana yi mana hannu mu wuce.

Hassan ya tarye mu a Lome, ya saka mu a motar Palime, garin da ke gindin duwatsun. Wata dattijuwa ce ta ba mu ɗaki a bayan gidanta. Ta kawo mana sakwarar rogo da miyar gyaɗa, da safe kuma wani tuwon masara mai tsami, wanda Lawali ya ce wannan a gidansu sai a ce ya kwana uku. Ruwa yana fitowa daga jikin dutse yana zuba a banza, babu layi, babu jarka. Amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne mata. Mace ita kaɗai, da adda a hannu da kwando a ka, ta nufi gona cikin dajin da ba ka ganin taku goma a gabanka, tana waƙa. Da yamma muna zaune a tsakar gida wasu 'yan kabu-kabu suka taho a kan babura a jere ta bayan katanga. Kafin in ankara Lawali ya miƙe ya manne da bango, ni kuma na tsinci kaina a bayan randa. Dattijuwar ta yi ta dariya har da riƙe ciki, ta ɗauka wasa muke yi mata. Mu ma muka taya ta dariyar.

Wurin rajista wata mata ce a kan tebur, Madam Afi, siririya, mai furfura, ƙwaurinta kamar na ɗan dambe. Da Turanci muka yi magana ina fassara wa Lawali. Ta ce aji uku ne. Ƙaramin aji tutocinsa suna kusa da hanyoyin manoma. Matsakaici yana barin hanya ya shiga kwazazzabai. Babban aji kuwa na waɗanda suka saba ne.

Lawali ya ce, "Hwaɗa mata babba."

Na faɗa mata. Ta tambaye mu ko mun taɓa tafiya a dutse cikin ruwan sama. Na ce a'a. Ko mun taɓa shiga gajimare, inda ba ka ganin abokin tafiyarka? Na ce ƙasarmu shimfiɗaɗɗiya ce, amma mu mutanen wahala ne, tafiyar yini ba ta dame mu ba, kuma ni taswira nake koyarwa. Ta ce ba ta musa ba. Ta ce amma ba da ƙarfin da mutum ya zo da shi da safe ake zaɓen aji ba. Ka duba abin da za ka iya a rana ta biyu, ka jiƙe, ka gaji, ka ɓata, abokinka kuma ya fi ka gajiya. Babba dai ba za ta ba mu ba, sai wanda ya taɓa gama matsakaici. Shawararta mu ɗauki ƙarami.

Wallahi a raina na yarda da ita. Amma ku da kuka san taubasantaka ku gaya mini, ta wane baki za ni ce ƙarami a gaban Lawali? Da har jikokina sai sun ji labari, a kowane suna, a kowane ɗaurin aure. Da na dubi Lawali sai ya ce, "In tsoro kaka ji, Malam, ɗauki na yara, ni in zamna in jira ka." Muka tsaya a matsakaici, muna ta ƙunƙuni wai an raina mu.

Aka duba kayanmu ɗaya bayan ɗaya, aka rufe wayata a leda aka manne bakin, aka ce sai rai ya yi halinsa za a fasa. Aka ba mu wata babbar leda ruwan goro da usur. Madam Afi ta ce in wani abu ya faru mu shimfiɗa ledar a fili inda za a gani, mu yi ta busa usur, za a zo. Lawali ya jujjuya usur ɗin ya ce shi ba alƙalin ƙwallo ba ne, ya cusa shi can ƙasan jakata.

Ranar farko mun fara da fankama. Tutar farko da ta biyu ba su ba mu wuya ba, har muka wuce wasu tsofaffin Turawa, mata da miji, 'yan ƙaramin aji, Lawali yana yi musu sannu da Faransanci. Daga nan dutse ya fara nuna mana halinsa. A gida in ka hango kuka ko gawo sai ka miƙe sak har gindinta. A can in ka miƙe sak, bakin rami za ka tsinci kanka. Layukan nan na tudu da na shekara ina zana wa ɗalibai a allo, ina cewa in sun matsu da juna wurin yana da tsayi, ranar na hau su da gwiwa da tafin hannu. Ga gumi, ga ƙudaje masu cizo, ga ciyawa mai yanka. Mu ne na ƙarshe da suka isa zangon kwana, rana tana gab da faɗuwa. Tsofaffin nan na safe har sun kafa tanti, sun yi wanka a rafi, suna shan shayi. Matar ta ɗaga mana kofi.

Wani daga cikin masu kula da zangon ya zo ya ce an yarda duk wanda ya ji jiki ya sauka zuwa ƙaramin aji gobe, ba abin kunya ba ne. Da muka tsaya sallar magariba na ga gwiwoyin Lawali suna rawa a ruku'u. Ni ma nawa haka suke. Muka sallame, muka dubi juna.

"In ka gaji, Malam, hwaɗi."

"Ni? Kai dai da ke rawar sanyi."

Mai kula da zangon ya wuce tanti na gaba.

Washegari da hantsi gajimare ya sauko mana. Ban taɓa ganin abu irin wannan ba: fari fat, mai jiƙa, kana jin muryar mutum ba ka ganin fuskarsa. Sai yayyafi. Muka nemi wata tuta muka rasa, muka hau muka sauka, muka dawo inda muka taso. Na ga lokaci yana tafiya, na ce mu yanke ta wani kwazazzabo, a taswira gajeriyar hanya ce. Muna cikin gangarawa Lawali yana gabana yana tsokanata, wai malamin taswira ya ɓatar da ajinsa, sai ƙafarsa ta zame a kan wani dutse mai gansakuka. Na ji faɗuwarsa, na ji wani ƙas kamar an karya kara, sai shiru.

Da na isa wurinsa ƙwaurinsa na hagu ya lanƙwashe inda babu gaɓa, fata ta tsage, jini yana bin dutse yana haɗuwa da ruwa. Inna lillahi! Bai yi ihu ba. Ya cije leɓe kawai yana kallona. Na yage rawanina na ɗaure sama da ciwon, na sari itace biyu na ɗaɗɗaure ƙafar yadda na taɓa ganin masu ɗori suna yi. Na fasa ledar waya, babu sabis ko ɗigo. Na goya shi, na yi 'yan taku, muka zube tare, a nan ne ya yi ƙara. Na sake gwadawa, na sake faɗuwa. Haka muka ja jiki har kusa da wata 'yar hanyar manoma da ke saman kwazazzabon, ƙarfina ya ƙare. Za ku ce ina usur? Wallahi ko sau ɗaya bai faɗo mini a rai ba. Wa ke yin ƙara a daji?

La'asar ta wuce, jinin ya ƙi tsayawa sosai, leɓunansa suka yi fari, ya fara karkarwa. Muryar Gwaggo kawai nake ji a kaina.

Sai muka ji babura.

Ba ɗaya ba, ba biyu ba, suna tahowa a jere ta hanyar da ke samanmu. Na kama shi ta hammata na ja shi ƙarƙashin wani dutse mai rumfa, shi da kansa yana tura jikinsa da ƙafar mai lafiya. Na ga ledar nan ruwan goro ta leƙo daga jaka, na danne ta da cikina, na jawo ganye na rufe mu. Lawali ya cusa bakin rigarsa a baki don kada nishi ya fita. Baburan suka zo daidai kanmu, suka tsaya, aka kashe injin. Duk wanda ya fito daga wajenmu ya san ba ƙarar babur ce abin tsoro ba, lokacin da aka kashe shi ne. Na ji takun mutane, na ji ana magana da yaren da ban sani ba, ana ƙwala kira. Ta tsakanin ganye na hango ƙafafun wani da adda tana reto a hannunsa. Na runtse ido ina karanta duk abin da ya zo bakina. Sun daɗe a wurin. Daga baya aka tayar da injina, ƙarar ta yi nisa, ta ɓace.

Na sauke ajiyar zuciya, na ce alhamdu lillahi. Ina rufe baki abin ya dake ni. Togo muke. Kowa a nan da adda yake yawo, har mata. Lokacin da aka ba mu na isa ya wuce tun da rana, kuma Madam Afi ta ce za a zo. Mutanen nan mu suke nema, sun tsaya a kanmu, ni kuma na rufe ɗan gwaggona da ganye yana zubar da jini.

Na zazzage jakar a ƙasa, na tono usur daga cikin garin fura da ƙullinsa ya fashe. Na ce, "Lawali, masu nemanmu ne. In sun dawo za ni busa."

Idonsa a rufe ya ce, "Kak ka busa."

"Mutanen gasa ne, wallahi."

"Ka sani? Ka ga huskarsu?"

Ban gani ba. Haske ya fara raguwa, sanyi yana ƙaruwa, ya daina amsa mini sai na girgiza shi. Can sai ƙarar ta sake tasowa daga ƙasa, sun juyo. Na kai usur baki, sai na ji ya damƙe mini wuyan hannu, da ƙarfin da ban san ya rage masa ba.

"Sa'adu, don Allah. Hakanan Sani ya yi. Ya ji mashin, yac ce mutanenmu na, yah hita yana ɗaga musu hannu. Ina cikin dawa kwance ina kallo."

Bai taɓa gaya mini yana wurin ba. Na dubi hannunsa a kan nawa, na dubi rawanin da ya rine ya koma baƙi. Baburan suna matsowa, kuma na san in suka wuce wannan karon sai gobe, shi kuwa ba shi da gobe a wannan rami. Na ɓamɓare yatsunsa ɗaya bayan ɗaya, yana kuka yana zagina. Na busa, babu abin da ya fito, bakina ya bushe ƙamas, gari ya toshe usur ɗin. Na buga shi a dutse, na tsotse, na tofar, na sake busawa. Ƙarar ta tsaga kwazazzabon har ni kaina na firgita. Na ja ledar ruwan goro na rarrafa na hau kan hanya, na tsaya a tsakiya ina kaɗa ta, fitilun babura suna tahowa kaina. Duk gaɓoɓin jikina cewa suke in gudu. Ban san lokacin da na saki ledar na ɗaga hannuwa biyu sama ba.

Na gaba ya taka birki, ya diro, addar tana hannunsa, ya nufo ni da gudu. Na yi kalmar shahada. Ya jefar da addar, ya riƙe kafaɗuna yana tambaya da Turanci, "Ina ɗan'uwanka? Ina ɗan'uwanka?"

Da addar nan suka sare hanya, suka yanko sanduna suka yi makara, suka fito da shi. Har aka ɗora shi Lawali bai buɗe ido ba, bakinsa yana motsi da salati. A asibitin garin aka ƙara masa jini, aka gyara ƙashin, likita ya ce da ya kwana a wurin da sai dai wani labarin. Madam Afi ta zo da safe, ranta a ɓace. Ta ce mutanenta sun rantse sun tsaya daidai wurin da farko, sun yi ta kira, me ya hana mu amsawa? Na gaya mata yadda ake yi a wajenmu in an ji babura a daji, da abin da ya sami Sani. Sannan ta ce, "Na tambaye ku ruwa, na tambaye ku gajimare. Wannan ban san ana tambayarsa ba."

Masu son shawara a kan aji, ga ta: ku ɗauki ƙarami, ku bar taubashi ya yi ta dariyarsa. Lawali bai yi noman rani bana ba, kuma har yau in hadari ya taso ƙafar tana yi masa zogi.

Mun dawo ta hanyar da muka bi, yana kwance a kujerar baya da ƙafa cikin farin simintin asibiti. Da muka shiga gida Gwaggo ta taso, ba ta dubi ƙafar ba, fuskarsa ta shafa da hannu biyu, ta shafa kansa, ta koma ta zauna. Na durƙusa na ba ta labari tun daga farko, ban rage komai ba. Usur ɗin yana rataye a wuyana, ta miƙo hannu na cire na ba ta.

"Ka ji mashin cikin daji, kab busa wanga, kah hita ka tsaya gabansu?"

Na ce, "E, Gwaggo."

Ta jujjuya shi a tafin hannunta. Ta ce, "Allah shi yi maka albarka, ka maido mani shi." Sai ta ɗaga murfin kwallarta, ta jefa usur ɗin ciki, ta rufe, ta ɗora hannu a kai.

"Can ne. Nan kak ka kuskura."